Sunayen da Gwaggo Ta Ba Ni Aro

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwa ta gaske, ba ta cika takarda ba. Yaya gwiwar? A wasiƙarki ta baya kin ce da sauƙi, amma bara ma haka kika ce, kuma bara ɗin ba kya iya hawa bene. Don Allah wannan karon ki gaya mini ko kina hawa ko ba kya hawa. Ni lafiyata ƙalau, Mama ma haka, Baba na nan yana fama da rediyonsa. Na san za ki sake cewa me ya hana ni buga waya kamar kowa. A waya mutane na amsawa kafin in gama tunani, takarda kuwa tana jira na.

Ga labari mai daɗi: na sami aiki a wani shagon tabarau. Shagon na da gaba da baya. A gaba akwai madubai, da fitilu masu hasken da ya wuce kima, da firam-firam jere a bango. A baya ɗakin aiki yake, inda nake tare da wani da ake ce wa Dogo. Likita ya auna idon mutum ya rubuto, mu kuma mu yanka gilashi a inji, mu goge gefensa, mu sa shi a firam. Na fi son lokacin da ake ɗumama firam na roba da iska mai zafi har ya yi laushi, gilashin ya shige ya ce ƙas. In aka bar ni sai in wuni ina sauraron wannan ƙarar. Dogo ba shi da surutu, don haka muna shiri.

Gwaji aka ɗauke ni tukuna. In watannin gwajin suka cika, Manaja zai ce in zauna ko in tafi. Kin san ban taɓa daɗewa a wani aiki kamar wannan ba. Ina so in zauna, Gwaggo, ina so ƙwarai.

Matsalar ba a injin take ba, a baki take. Akwai shugabar masu tsayawa a kantar sayarwa, kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Bakinta ba ya rabo da sunaye: masoyiyata, ƙawata, 'yar albarka. Za ta kira mai saye masoyiyata, matar na fita ta ce ta cika tsirfa. Ranar farko ta ce mini ƙanwata, na gaya mata ni ba ni da yaya mace, sai kowa ya kwashe da dariya. Sauran ma'aikatan duk sun koya a wurinta, shagon ya cika da masoya, ni kaɗai ce ba ni da ko ɗaya.

Jiya Manaja ya kira ni. Ya ce aikina ba makusa, amma ban saki jiki da mutane ba, abokan aiki na ganin kamar ba na son su, alhali nan gida ɗaya ne. Na ce masa nan shago ne. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce in gyara kafin gwajin ya ƙare. Ban gaya masa ina da lalurar otizim ba, Mama ta hana.

Ke kin yi shekaru kina sayar da takalma, kuma kowa na son ki. Mece ce ƙa'idar? Wa ake kira masoyi, yaushe, kuma me ake nufi? Ki rubuto mini yadda zan bi.

'Yarki,
wadda na san daga yau za ki laƙaba wa Mai Tabarau

*

'Yar lelena, sanyin idona, Mai Tabarau ta Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na yi ihun murna har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya haihu. Na ce mata 'yata ce ta haifi aiki. Allah ya sa albarka, ya zaunar da ke lafiya. Tunda kin matsa, to ba na hawa benen. Na sa an sauko mini da katifa falo, ni da talabijin muke kwana. Likita na maganar a yi wa gwiwar aiki, ni kuma ina maganar ya shafa mini lafiya. Ki gaida ƙanena, ki ce masa rediyon ba guduwa zai yi ba, ya ɗaga waya ya kira yayarsa.

Wai nan shago ne! Kai, yarinyar nan, da dariya za ki kashe ni, ba gwiwa ba. Ina ma ina wurin in ga fuskar bawan Allah.

Ƙa'ida kike nema, to babu ita. Na sa takalmi a ƙafar da ta fi ƙarfin takalmin, na ɗaga kai na ce, "Uwar ɗakina, kamar don ke aka ɗinka shi." Ta san ba haka ba ne, na san ba haka ba ne, muka rabu kowa na murmushi. Suna mai daɗi kamar man da kuke ɗiga wa injinku ne, ba don ana ƙaunar injin ba, don kada ya yi ƙara. Antin nan taku ba ƙarya take ba, ba kuma gaskiya take ba, sana'a take.

Abin yi ba wuya. Ki saki fuska. Ki riƙa kiran su da sunaye masu daɗi irin waɗanda nake kiran ki da su tun kina rarrafe, na ba ki aro, ba ƙarewa za su yi ba. Kuma kada ki ware kowa, don a wurin aiki wanda aka tsallake shi ke ƙullatar mutum. Babba da ƙarami, kowa ki ba shi nasa, ki gani in ba su sa ki a aljihu ba.

Maganar lalurarki kuwa, a nan ina bayan uwarki. A bari tukuna sai kin zauna da gindinki. Mutane ba su san otizim ba, wasu ma galahanga suke ce masa, sunan da na san ba kya so. Da sun ji sai su fara yi miki magana a hankali kamar wadda ba ta gama yaye ba.

In kin ƙware ki yi mini tabarau mai kyau, wanda zai nuna mini fuskar likitan nan tun daga nesa in canza hanya.

Gwaggonki mai son ki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na gode da kika faɗi gaskiyar benen. Ki yarda a yi aikin gwiwar, kwana a falo ba magani ba ne. Mu nan lafiya. Na isar da saƙonki ga Baba, ya ce zai kira, bai ce yaushe ba.

Na bi shawararki. Na tuno duk sunayen da kike kirana da su, na yi ta maimaita su a gaban madubi har bakina ya saba. Ranar Litinin na fara tun daga bakin ƙofa, tunda kin ce kada a ware kowa. Na ce wa maigadi, "Ina kwana, ɗan lelena." Dattijo ne mai furfura. Ya waiga bayansa ya ga ba kowa, sannan ya amsa da ƙaramar murya. Dogo na ce masa farin cikin raina, ya saki sukudireba ta gangara ƙarƙashin inji. Ita kuwa Anti, sai na yi ta ba ta 'yar lelena a kai a kai, don ita ta fi kowa rabawa, na ga ya dace ta fi kowa samu. Da farko ta yi dariya. Kafin rana ta raba ta daina.

Manaja ne ban samu ba sai ranar Laraba. Yana ofis tare da baƙi daga kamfanin da ke kawo mana gilashi, duk sun sha kwat, ya aiko in zo in nuna musu wasu gilasai da suka iso da tabo. Na shiga na ajiye tiren a gabansa na ce, "Ga su nan, sanyin idona." Na kuma saki fuska kamar yadda kika ce. Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙware da shayinsa. Na tuna kada in ware su, sai na ce masa, "Sannu, ɗan albarka, kurɓi ruwa." Manaja ya cire tabaransa ya yi ta gogewa, alhali ni na goge masa shi da safe, ba komai a jiki.

Tun daga nan shagon ya canza. Ana yawan dariya, amma da na shigo sai a yi tsit. Ban sani ba ko alamar nasara ce. Abin da na sani shi ne ina komawa gida a gajiye liƙis, ko sannu da zuwan Mama ba na iya amsawa, sai in rufe ɗaki in zauna a ƙasa. Kuma duk lokacin da na ce wa wani sanyin idona sai in ji ba daɗi, kamar na ɗauki kayanki na miƙa wa wanda bai roƙa ba.

Yau na tarar da 'yar takarda a teburina. Manaja na son ganina tare da Anti kafin ƙarshen wata, wai a kan yanayin mu'amala. Gwaggo, na yi daidai? Ki amsa da wuri.

'Yarki

*

Gwaggo,

Gaisuwa kuma. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru, ko da yake lafiya ba ta saba sa ki shiru ba. Kullum in na dawo sai na duba akwatin wasiƙa kafin in cire takalmi. Har waya na buga miki, ki lura, ni da kaina, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na yi tunani iri-iri, na tsaya a kan ɗaya: kin ji haushi na raba sunayenki ga maigadi da baƙin kamfani. In haka ne ki yafe mini.

Yanzu na san ban yi daidai ba. Dogo ne ya gaya mini muna jiran bas. Ya yi ta kame-kame har na ce masa ya faɗa kai tsaye, zagaye-zagaye ɓatar da ni yake. Ya ce Anti na ganin kwaikwayonta nake don in mai da ita abin dariya, har ta yi kuka a ɗakin ajiya. Ya ce masu kanta kuma na cewa son Manaja nake, shi ya sa yanzu in zai fita sai ya bi ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Na tambaye shi, to shi me ya ɗauka? Ya ce shi ya ɗauka zazzaɓi ne ya hau mini kai.

Gwaggo, kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na daina kiran kowa da komai, sai dai in nuna da hannu. Da ban yi ba laifi ne, da na yi laifin ya ninka. Na gaji da wasan da kowa ya san dokarsa ban da ni. Na rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakata, don gara in fita da ƙafata da a kore ni. Amma duk safiya in na kunna injin sai in kasa miƙa ta. Ina son aikin nan, kuma na iya shi.

An sa zaman ranar Alhamis mai zuwa. Dogo ya ce a irin wannan zaman aka sallami wanda ke wurina kafin ni. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

'Yarki

*

'Yata,

Kin ga yau ban jero sunaye ba, ina tsoron kada ki kwashe su ki kai wa direban bas. Ina gaishe ku duka. An yi aikin gwiwar, ke kika matsa, ga shi na yi. Ina asibiti, wayata na gida a jikin caji, wasiƙunki duka biyun na hannun maƙwabciya, sai da aka sallamo ni ta kawo su. Ƙafar na nan kamar ba tawa ba, amma an ce zan hau bene.

Na karanta ta farko na yi dariya har ɗinkin ya ja, maƙwabciya ta ƙwace takardar. Sanyin idona! A gaban baƙi! Da na karanta ta biyu dariyar ta ƙare, na yi kuka sosai. Haushi? Ni? Ko duniya kika raba wa sunayen nan ba zan ji haushinki ba. Haushin kaina nake ji. Na san 'yar da nake rubuta wa, na san in aka ce miki kowa to kowa ne, amma na saki baki kamar ina hira da 'yan shagon takalma.

To ki saurare ni, wannan karon dalla-dalla. Kada ki miƙa takardar barin aikin nan. In kin shiga ki ba su haƙuri, ki ce wata tsohuwar gwaggonki mai surutu ce ta zuga ki, ki ɗora komai a kaina, bayana na da faɗi. Ki ce wasa ne ya zarce. Sannan ki sunkuyar da kai ki yi shiru, ki bar su su faɗi abin da ke ransu. Maganar lalura kada ki taɓo ta, lokacin da mutane ke cikin fushi ba lokacinta ba ne. In sun ƙi ji, ki ba ni lambar Manajan nan, ni na san yadda ake lallashin mai kwat.

Ban san ko wannan za ta riski Alhamis ɗin ba. Na ba maƙwabciya ta kai gidan waya da gudu, ita kuwa gudunta kin san shi. Hankalina duk yana wurinki, ko maganin ba na tunawa sai an tuna mini.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Na ji daɗi da aka yi aikin, na kuma fi jin daɗi da ba fushi kike ba. Ki riƙa motsa ƙafar yadda suka koya miki ko da zafi. Mu duka lafiya.

Wasiƙarki ta iso Asabar, zaman kuwa an yi shi Alhamis. Don haka ban bi shawararki ba, kuma ki yi haƙuri, ko da ta iso da wuri ina jin ba zan bi ba. Ba wasa na yi ba, ba zan iya cewa wasa ne ba.

Ofishin Manaja ƙarami ne. Fanka na juyawa, Anti na zaune ta harɗe hannu tana kallon bango. Manaja ya fara dogon bayani a kan mutunta juna. Na damƙe ƙaramar sukudirebata a cikin aljihu. Da ya tsaya jan numfashi na ce, "Yallaɓai, ina da magana, kuma ina roƙon kada a katse ni, don in aka katse ni sai na koma farko."

Na gaya musu ina da otizim. Na ce ba ciwo ba ne da zai warke ko ya kama wani, haka aka halicci kaina. Ina jin magana yadda aka faɗe ta, abin da ke bayanta, wanda su suke tsinta a fuska da murya, ni sai an gaya mini. Na ce, "Kun ce ban saki jiki ba, na tambayi gwaggona yadda ake yi, ta ce in kira kowa da suna mai daɗi, na kira kowa. Anti, ban kwaikwaye ki don a yi miki dariya ba, na kwaikwaye ki ne don ke kika fi iyawa. Yallaɓai, ba son ka nake ba."

Manaja ya ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi. Sannan ya ce ba haka yake nufi ba.

Anti ta sauke hannunta. Ta ce, "Haba ƙanwata, to me ya hana ki faɗa tun farko?"

Na ce an gaya mini in na faɗa za a mai da ni yarinya. Na ce ni ba yarinya ba ce, na iya aikina, kuma abin da nake roƙo kaɗan ne: in na yi kuskure a gaya mini a fili ranar da na yi shi, a kuma bar ni in kira kowa da sunan da na san shi da shi. Ita ta ci gaba da kirana duk abin da ta ga dama, yanzu na gane ba alkawari ba ne.

Manaja ya ce, "To in ba kya faɗin irin waɗannan kalmomi, ta yaya za mu san kina jin daɗin zama da mu?"

Na ce, "Ku tambaye ni."

Anti ta gyara zama. "To na tambaya. Kina son mu?"

Gwaggo, na san mutane na amsa irin wannan kafin mai tambaya ya rufe baki. Ni sai da na yi tunani, don tambaya ce babba, su kuma suka zuba mini ido kamar masu jiran sakamakon asibiti. Na ce, "Dogo ina son aiki da shi, ba ya taɓa mini kaya. Yallaɓai ban gama saninsa ba, kullum yana ofis. Ke ina son ki, don ranar da na fasa gilashin wani mai saye ke kika fita kika sha faɗan a madadina, kuma ba ki taɓa tayar da maganar ba. Sai dai turarenki na sa mini ciwon kai, shi ya sa nake matsawa in kin zo kusa. Ba ke nake gudu ba."

Na ɗauka na ƙarasa ɓata komai. Anti ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa, ban gane kuka ne ko dariya ba, sai na tambaya. Ta ce duka biyun. Manaja ya ce in koma bakin aiki, zai yi tunani. Ranar ban ci abincin kirki ba, kuma da na gaya wa Mama abin da na yi ta dafe ƙirji ta ce shi ke nan na kori kaina.

Washegari ina ɗaura gilashi a inji sai na ji an tsaya dab da kafaɗata. Ban matsa ba. Sai da na juya na ga Anti ce na gane dalili: ba turare a jikinta, ko ɗigo, matar da ake jin isowarta tun daga bakin titi. Ta ajiye mabuɗi a kan teburina, na ɗakin aiki, wanda ba a ba ɗan gwaji.

Ta ce, "Manaja ya ce a ba ki. Kuma tunda kin ce a riƙa gaya miki a fili, to ga shi a fili: an ɗauke ki aiki na dindindin. Ba ma so ki tafi. Ni ma ba na so."

Dogo ya kashe injin ya yi ta tafi shi kaɗai. Ni kuwa murna ta cika ni har na yi ta kaɗa hannuwana a gabansu, abin da nake shiga banɗaki in yi a ɓoye tun ina makaranta, kuma ba wanda ya yi dariya ko ya kau da kai.

Mabuɗin sai da aka yi mini bayaninsa, Gwaggo. Turaren kuwa ba wanda ya fassara mini, ni na gane shi da kaina.

'Yarki,
Mai Tabarau